Zuwa Ga Iyaye: Idan Yaro Ya Kawo Kansa, A Ajiye Bulala

Iyaye da masu riƙon yara, muna gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina gajiya, yaya iyali?

Tun farkon wannan zango, sujadar safe da muke yi kafin shiga aji ta tsaya kan maganar tuba, muna bin Bisharar Luka. Wata uwa ta tare ni a bakin ƙofa ta ce, "Mushe, yaro ɗan shekara tara wane zunubi ya tara har za ku dame shi da tuba?" Na ce mata ta jira wasiƙa, ga ta kuwa.

Ranar da muka karanta labarin Zakka a sura 19, shugaban masu karɓar haraji na Yariko wanda ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar wa duk wanda ya cuta riɓi huɗu, wani yaro ɗan aji CM1 (aji biyar na firamare) ya ƙi fita shan iska. Sai da aji ya watse ya matso gaban teburin malamarsu, ya buɗe tafin hannu. Dala ashirin ce, ta jiƙe da zufa. Ya ce, "Madam, kuɗin ƙosan wance da suka ɓace makon jiya, ni na ɗauka. Amma ba ni da riɓi huɗu." Ba wanda ya gan shi lokacin da ya ɗauka, yarinyar ma ta riga ta manta.

Da labari ya kai gida, sai ga mahaifinsa washegari, ransa a ɓace, yana neman mu zane yaron a gaban ƴan ajinsu. Na ba shi kujera da ruwa, na ce, "Malam, in ka dake shi yau, satar kake hukuntawa ko faɗin gaskiyar?" Ya daɗe bai ce komai ba. (Da izininsa nake ba da wannan labari.) Ni dai a ganina, yaron da ya sha bulala ranar da ya kawo kansa ya koyi cewa nan gaba ya ɓoye da kyau. Horo na nan, ba mu hana ba. Amma uban da Yesu ya ba da labarinsa a sura 15, da ya hango ɗansa ɓatacce tun daga nesa, da gudu ya tarye shi ya rungume.

To me ya sa muke cewa a tuba yau, ba gobe ba? A sura 13 Yesu ya tuna wa jama'a mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo wa, ya ce ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba, sai dai kowa ya tuba. Mu a Maraɗi ba sai an yi mana dogon bayani ba. Daminar 2024 ruwa ya rushe gidaje a garin nan, an rasa rayuka, har gwamnati ta ɗage komawa makaranta a duk faɗin Nijar zuwa 28 ga Oktoba. Waɗanda gini ya danne ba su fi mu zunubi ba, kuma kowannensu ya kwanta da shirin abin da zai yi da safe.

Nan take Yesu ya ƙara da misalin ɓauren da ya shekara uku bai yi ƴaƴa ba. Mai gona ya ce a sare shi, mai kula da gonar ya roƙi shekara guda ya yi masa kaftu ya zuba taki. Da na tambayi yara me ya faru da itacen bayan shekarar, suka yi ta duba Littafi ba su samu ba. Ba a faɗa ba. Wata ƴar CM2 ta ce ai ya rage ga ɓauren.

Roƙonmu gare ku ke nan: yaro ya taɓa jin babansa ko mamarsa na cewa "na yi kuskure, ka yafe mini". Bashin da aka yi shiru a kai, gabar da ta shekara tsakanin ƴan'uwa, duk yaran suna gani, kuma ba ma iya koyar da abin da gida ke warwarewa da dare. Iyayen ɗalibanmu Musulmi, mun san kalmar tuba ba baƙuwa ba ce a gidajenku, mun gode da amanar da kuka ba mu.

Taron iyaye Asabar mai zuwa ne da ƙarfe 9 na safe, a nan za a karɓi sakamakon jarrabawa. Zafi ya fara, kowane yaro ya zo da gorar ruwansa. Masu sauran kuɗin makaranta su leƙo ofis mu yi magana, kada a tsare yaro a gida saboda kunya.

Daraktan makaranta