Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Gwamna Uba Sani Kan Maganin Kwana Uku

Mai girma Gwamna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni dattijo ne mai ɗan shagon kemis a Rigasa. Na koyi aikin lafiya a Maƙarfi, na yi malamin asibiti a ƙauyuka har na yi ritaya, sannan na buɗe shagon don kada zaman banza ya ƙarasa ni. Ba ni da katin jam'iyya, ba kuma kwangila nake nema ba. Magana ce ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na ga gara in faɗe ta inda kowa zai ji.

Maganar da na fi ji a bakin masu zuwa shagona ita ce "a ba ni na kwana uku". Likita ya rubuta na wata guda, aljihu ya ce na kwana uku. Idan ciwon kai ne ko mura, da sauƙi. Amma hawan jini da ciwon suga ba su san kwana uku ba, kullum ake shan maganinsu har ƙarshen rayuwa.

Akwai wani tela a layinmu, bai kai hamsin ba. Ni na fara gwada shi, na ga jininsa ya hau sosai, na tura shi asibiti, aka rubuta masa magani. Ya sha na mako biyu, ya ji kan ya daina sarawa, ya ajiye. Daga nan sai in ƙeya ta riƙe ya zo ya karɓi na kwana uku. Na yi faɗa har na gaji. Amsarsa guda ce: "Baba, ga kuɗin makaranta, ga haya, ga cefane." Ana saura kwana kaɗan ƙaramar sallah, ɗinki ya yi masa yawa, yana kwana a kan keke, ya yanke jiki ya faɗi. Ɓarin jiki ya shanye. Wasu a unguwa suka ce jifa ne, wasu suka ce iska. Kafin wata biyu an sayar da keken ɗinkin, maiɗakinsa ta sayar da gadonta, ƙaninsa kuma ya shiga yawo da takardar asibiti masallaci-masallaci. Abin da aka kashe a waɗannan watanni biyu zai sayi maganinsa na shekaru.

Ranka ya daɗe, gidansa ba shi kaɗai ba ne. A Najeriya, cikin kowace naira 100 da ake kashewa kan lafiya, fiye da 70 daga aljihun mara lafiya da danginsa take fitowa, a ranar da ciwon ya kama. Shi ya sa ciwo ɗaya kan mayar da mai rufin asiri mabaraci.

Ba zan yi butulci in ce ba a yi komai ba. Tun 2018 jiharmu ke da dokar da ta kafa hukumar KADCHMA ta taimakekeniyar lafiya. Akwai dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 da ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don kula da lafiya a matakin farko. A watan Mayun 2022 aka sa hannu kan dokar da ta wajabta inshorar lafiya ga kowane ɗan ƙasa, kana Majalisar Dattawa a lokacin, kai ne ma shugaban kwamitin bankuna da inshora. An ɗauki alƙawarin asibiti guda mai aiki a kowace mazaɓa cikin 255 da muke da su, kuma na ga waɗanda aka gyara da idona. Mataimakiyarka, Dakta Hadiza Balarabe, likita ce da ta taɓa shugabantar hukumar kula da lafiya a matakin farko ta jihar nan. Ba a rasa doka ba, ba a rasa masani ba.

To ina gizo ke saƙar? Inshorar da ake cira daga albashi mai albashi take kamawa. Tela ba shi da albashi. Mai Keke Napep, mai shayi, mai tura baro a kasuwar Bacci, manomin citta a Kachia, manomin masara a Saminaka, matar da ke soya ƙosai a ƙofar gida, duk ba su da shi, kuma su ne mafi yawan mutanen jihar. An ce su je su yi rajista su biya na shekara da kansu. Wanda ke neman na tuwon dare ba zai ɗauki kuɗi ya kai ofis saboda ciwon da bai zo ba. Wani ma cewa zai yi kana yi masa fatan ciwo. In aka tsaya jiran irin waɗannan su kawo kansu, za a daɗe ba a gama ba.

Mutanen Kaduna sun san Tailan ta hanyar shinkafa. Ni abin da ya ja hankalina gare ta daban ne. Ƙasa ce mai matsakaicin arziki, ba Ingila ba ce, ba Jamus ba. A 1997 tattalin arzikinta ya durƙushe, kuɗinta ya karye. Duk da haka a 2001 ta fara shirin da ake kira na "bat 30" (bat shi ne kuɗin ƙasar), zuwa 2002 ya game ƙasar: duk wanda ba ma'aikacin gwamnati ko na kamfani ba, a yi masa rajista da asibitin yankinsa, in ya je ya biya bat 30, abin da bai kai dala ɗaya ba a lokacin. Matalauta ko wannan ba sa biya. Mutum wajen miliyan 47 suka shiga. Kafin nan sun gwada sayar da katin lafiya ga mai so, irin abin da muke yi yanzu, suka ga miliyoyi na nan a waje. Sai suka daina bin talaka da kwanon karɓar kuɗi, suka ce baitulmali zai biya daga haraji, a riƙa ba asibiti kuɗi gwargwadon yawan mutanen da aka yi wa rajista da shi.

Amma ba daga kati suka fara ba, kuma nan ne nake so ranka ya daɗe ya tsaya ya duba. A shekarun 1980 sun dakatar da faɗaɗa manyan asibitocin birane na wasu shekaru, suka karkata kuɗin zuwa asibitocin gundumomi da ƙananan cibiyoyin ƙauye. Sabon likitan da ya yi karatu a jami'ar gwamnati sai ya yi wa gwamnati aikin shekara uku, galibi a karkara. Suna da 'yan sa-kai na lafiya kusan miliyan ɗaya, kowane da 'yan gidajen da yake leƙawa, ya san wa ke da ciki, wa ke shan maganin hawan jini, wa ya daina. Da katin ya zo, ya tarar da inda za a kai shi. Mu kuwa na sha ganin asibitin mazaɓa ya sha fenti, ga allo ga katanga, amma ƙarfe tara na dare ba ungozoma, ba wuta, ɗakin magani wayam. Mai naƙuda ba fenti take nema ba.

Wani abin da suka yi a 2001 ɗin shi ne kafa gidauniyar bunƙasa lafiya, wadda ba ta jiran kasafin kuɗi. Doka ta ɗora ƙarin kashi 2 cikin 100 a kan harajin taba da giya, kuɗin kuma kai tsaye yake shiga asusunta. Ba gina asibiti ake yi da shi ba. Aikinsa tare ciwo tun daga nesa: yaƙi da shan taba da giya, rage haɗarin mota, motsa jiki, gyaran abinci. Suna da nasu matsalolin, ana layi a asibitocinsu, asibitocin ma na kukan kuɗin ba ya isa. Amma magidanci ba ya sayar da abin sana'arsa don a duba shi.

Na san harajin taba da na lemon kwalba ba a hannun jiha yake ba, na Abuja ne. Tun 2022 ake karɓar naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai suga, amma dokar da ta kawo harajin ba ta keɓe shi ga lafiya ba, cikin babbar tukunya yake faɗawa. Kana da kujera a taron gwamnoni, kana da abokai a majalisa. Muryarka za ta fi tawa isa. Haka dokar taba ta 2015 ta hana sayar da sigari kara-kara, ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, amma a aiki yaro wurin mai tebur a kowace unguwa a ga ko za a hana shi.

Abin da ke hannunka shi nake roƙo. A yi doka da za ta yanke wani kaso na harajin da jiha ke tarawa, ya riƙa shiga asusun taimakekeniya kowane wata ba tare da an jira sa hannun kowa ba, a biya wa marasa albashi da shi, a fara da masu ciki, yara 'yan ƙasa da biyar, tsofaffi da masu hawan jini da suga. Shugabannin Afirka sun yi alƙawarin kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya a Abuja tun 2001, kuma na ji ana yaba wa Kaduna kan wannan. Madalla. Sai dai wanda ya yi aikin gwamnati ya san tsakanin abin da aka rubuta a kasafi da abin da aka saki akwai tafiya. A riƙa liƙa takarda a bangon kowane asibitin mazaɓa: ga abin da aka turo wannan watan, ga magungunan da aka kawo, ga sunayen masu aikin dare. Mai unguwa da liman da fasto za su karanta, kuma za su yi tambaya.

'Yan sa-kai kuwa ba sai mun je Tailan aro ba. Mun yi irinsa a yaƙin shan inna. Bayan turjiyar da aka yi wa rigakafin a 2003, sarakuna da hakimai da masu unguwanni suka shigo, mata suka bi gida-gida, har aka kai Agustan 2020 da aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Matan nan suna nan, sun san kowane zaure. A ba kowace na'urar gwajin jini, a koya mata, a riƙa biyanta alawus a kan lokaci, ta riƙa gwada manya kamar yadda ta riƙa ɗiga wa yara. Wanda aka samu jininsa ya hau, ya karɓi maganin wata guda a asibitin mazaɓarsa da katinsa. A Birnin Gwari da Giwa da sauran wuraren da ma'aikata suka guda saboda 'yan bindiga, a ɗauki 'ya'yan wurin a horar da su, su suka fi zama.

Wani zai ce mai kemis na neman kashe kasuwarsa. Haka ne, cinikina zai ragu. Na yarda.

In ranka ya daɗe na son ganin abin da nake faɗa, ba sai an shirya ziyara da jiniya ba. A zaɓi asibitin mazaɓa guda, a je da dare ba sanarwa, a tambayi mai gadi wa ke ciki. Daga nan a biyo ta Rigasa. Telan yana nan, da la'asar yaransa kan fito da shi ƙofar gida a kan tabarma. Babban ɗansa ya bar makaranta yana koyon gyaran waya, shi ke zuwa karɓar wa mahaifinsa magani yanzu. Shekaranjiya ma ya zo, na kwana uku ya saya.

Wassalam.

Naka,
Wani mai kemis, Rigasa, Kaduna