Wasiƙa zuwa ga Likita Mahamadu a Damagaram

Aminina Mahamadu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali, kuma aikin asibiti yana tafiya daidai. Saƙonka ya iso, na kuma fahimci wahalar da kake sha wajen neman maƙalu a PubMed kan tamowar yara a Nijar.

Rumbun nan, wanda Ɗakin Karatun Likitanci na Ƙasar Amurka ya buɗe a 1996, yana ɗauke da bayanan maƙalu fiye da miliyan 35, saboda haka duk wanda ya shige shi da kalma ɗaya tak, zai fito da tarin da ba zai iya tacewa ba. Babban abin da ya ɓata maka lokaci shi ne kalmar Niger kanta, domin ita ce sunan ƙasarku, tana cikin sunan Neja Delta da Jihar Neja, sannan ga wata funfuna mai suna Aspergillus niger wadda masana suka yi dubban rubuce-rubuce a kanta. Na'ura ba ta san wanne kake nufi ba. Maganin wannan shi ne ka shiga jerin kalmomin da ake yi wa maƙalu alama da su, wanda ake kira MeSH, inda aka ware Nijar a matsayin ƙasa, ka ɗauko ta daga can. Sai dai ba kowace maƙala aka yi wa wannan alama ba, don haka ka sake nema da sunayen Zinder da Maradi da Tahoua, yadda ake rubuta su a takardun hukuma.

Ka riƙa haɗa kalmomi da AND, OR da NOT, da manyan baƙaƙe. OR tana faɗaɗa nema, kamar kwashiorkor OR marasmus (nau'o'in tamowa biyu ne), AND kuma tana ƙuntata shi. Ni dai ina tsoron NOT, domin takan zubar da maƙala mai amfani saboda kalma ɗaya da ta gifta a cikinta. Idan ka rubuta malnourish* da tauraro a ƙarshe, zai kawo maka duk kalmomin da suka fara haka.

Kada ka nema da Faransanci ko da maƙalar Faransanci kake so, domin ana fassara kanun maƙalu zuwa Ingilishi. Ka zaɓi harshen daga baya a gefen shafin. Ka kuma rubuta kowane nema da ranar da ka yi shi a littafi, domin malamanka za su tambaya.

Ka turo mini kalmomin da ka haɗa in duba. A gaida Hajiya da yara.

Naka,
Bashir, daga Zariya