A bar wa kalangu bakinsa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a shirinku na waƙoƙi don in yi magana da matasanmu masu shiga situdiyo, a nan Tawa da can Yamai.

Kunne yana son abin da ya sani, amma yana gajiya da shi da wuri. Makaɗanmu na gargajiya sun daɗe da warware wannan: amshi ba ya canzawa, jagora ne ke yawo. Amshi ya zama layi ɗaya ko biyu, ya riƙa dawowa bayan kowane baiti, har mai sauraro ya kama shi tun a zagaye na biyu. Sai a baiti na uku a taɓa abu guda kawai. Ko a ɗauke ganguna a bar ƙwarya ita kaɗai na layi biyu, ko jagora ya faɗo kafin 'yan amshi su rufe baki. In aka canza kari da kiɗa da murya lokaci ɗaya, mai rawa zai tsaya, don ba a bar masa inda zai sa ƙafa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne kiɗan kwamfuta. Ana naɗar bugu huɗu, a maimaita shi daga farko har ƙarshe. To ai kalangu magana yake yi. Makaɗi na matse igiyoyin jikinsa a hammata, sauti ya hau, ya saki ya sauka, yana amsa wa mawaƙi gwargwadon abin da ya faɗa. Bazatar waƙa daga nan take fitowa, kuma maimaici na kashe ta. Haka goge: tsarkiya ɗaya ce ta gashin doki, yatsa na zamewa tsakanin sautuka. In aka ɗora masa na'urar gyaran murya, sai ta ja kowane sauti zuwa na piyano, kukan gogen ya tafi. A naɗi kalangu da goge ana kaɗa su da hannu, daga farkon waƙa zuwa ƙarshenta, kuma a daidaita piyano da gurumi, kada a tilasta wa gurumi bin piyano.

Ku ma masu wannan shiri kuna da rawar takawa. Bayan waƙa biyu da jama'a suka sani, ku saka sabuwa ɗaya, musamman daga matasan da ke shiga gasar waƙa ta Ɗan Gurmu, ku kuma maimaita ta cikin mako, don jin farko ba ya isa a yanke wa waƙa hukunci.

Naku,
Mai sauraro daga Tawa