Zuwa ga Bazazzagin Tokiyo

Salamu alaikum mutumina, ya karatu, ya baƙunta, ya cin shinkafa da tsinke? Wai za ka zo gida da babbar Sallah, ni da nake abokinka sai a bakin Hajiya na ji, ba komai, halin Zazzagawa ne mun saba. Amma tunda za ka zo, kuma na san ba abin da zai cika jakarka sai littattafai da kayan wanki, to ina da aike, dan Allah ka nutsu ka karanta har ƙarshe don aiken nan harafi ɗaya ka kuskure kuɗina sun bi ruwa.

Ka tuna kyamarar Yaya, Canon G12 ɗin nan mai allon da ake juyawa, wadda ya hana mu taɓawa ranar bikin Dogo? To ta dawo hannuna. Ƙirar 2010 ce amma wallahi garau take, batir kawai na canja. Da ita nake ɗaukar hulunan da nake sa wa a Instagram, kuma kasuwar ta fara motsi alhamdulillah, har daga Legas da Yamai ana magana. Matsalar ɗaya ce, duk wanda zai sayi Zanna Bukar ko Tangaran mai tsada tambayarsa ta farko ita ce ɗinkin hannu ne ko na inji, kuma ba ya yarda da bakinka sai ya ga zaren da idonsa. Kar ma ka ce min waya, na san abin da za ka ce ke nan. Wayata goge hoto take yi ta lailaye shi har zaren ya koma kamar fenti, mai saye kuwa yana son ya ga inda allura ta shiga ta fita.

Kyamarar tana iya ɗaukar abu daga kusa har santimita 1, amma sai ba ka zuƙo ba sam, to a nan kan kyamarar ya kusa taɓa hular, inuwarta ta rufe wurin, gefen hoton kuma ya lanƙwashe. Maganinsa shi ne a ɗaura mata ƙarin gilashi a gaba, wanda zai ba ni dama in ja baya in zuƙo. To ita irin wannan ƙaramar kyamarar ba a cire idonta, kuma bakinta ba shi da tiredin da za ka murɗa wani abu. Akwai dai wani zobe da ya kewaye idon, ka danna ɗan maɓalli a gefe ka murɗa ya fita, sai ka sa adafta a gurbinsa, wani bututu ne da idon kyamarar ke shige da fice a cikinsa, bakinsa na gaba yana da tiredi mai faɗin milimita 58. Duk abin da za a ƙara a nan ake ɗaura shi.

Ga inda nake so ka buɗe ido. Sunan wanda nake so LA-DC58K, da K a ƙarshe, K ta Kano ba ta Kaduna ba. Shi ne na G10 da G11 da G12. Akwai ɗan'uwansa LA-DC58H, wannan na G7 da G9 ne, a ido kusan ɗaya suke, dukkansu 58 ne a gaba, amma gindinsu ba ɗaya ba, ba zai zauna a tawa ba. Tsofaffin kaya ne, don haka na hannu za ka nema, ka leƙa shagunan tsofaffin kyamarori na Shinjuku ko Nakano, ka nuna musu lambar a rubuce, kar ka tsaya gwada musu Japanancinka da ko mai kanti na unguwarku ba ya ganewa.

Sai gilashin kansa. Raynox nake so, kamfanin nan Tokiyo ne ma. Suna da guda biyu da aka fi sani, DCR-150 da DCR-250, kuma duk wanda ka tambaya zai ce maka 250 don ya fi ƙarfi, lambar ƙarfinsa 8 ce, na 150 kuma 4.8. Lissafin ba wuya, ka raba 1000 da lambar, abin da ya fito shi ne tazarar da za ka tsaya a milimita. Na 250 zai tsayar da ni wajen santimita 12 daga hular, in na zuƙo ƙarshe abin da zai cika hoton bai fi faɗin santimita 3 ba. Na 150 kuwa santimita 20 da 'yan kai, faɗin hoton wajen santimita 5. To ni ba idon ƙuda zan ɗauka ba, ina son zanen ya fito guda ɗaya cikakke da zarensa, ga kuma wurin da hasken taga zai shigo tsakanina da hular. Sannan duk yadda gilashi ya ƙara ƙarfi, wurin da ke fita tas a hoton raguwa yake yi, hula kuma zagayayya ce, da na 250 tsakiya za ta fito, gefe ya yi dishi-dishi, in hannunka ya ɗan motsa shi ke nan. Don haka 150. Yana zuwa da wani maƙali na roba mai kunne biyu da ake matsawa, yana kama baki daga 52 zuwa 67, ka ga 58 na ciki. Ka tabbatar maƙalin na cikin kwalin, in na hannu ne wani lokacin ya ɓata.

Af, na ce Dogo, ka san matarsa ta haihu? Namiji, ya ci sunan baban amarya, Dogo na ta cika baki wai shi ya zaɓa, alhali duk majalisa ta san yadda aka yi. Shugaba kuma ya sayi babur na lantarki, yanzu ba ka jin zuwansa sai dai ka gan shi a kan tabarma hannunsa cikin kwano. Mai shayinmu ya koma tsallaken titi, bashinka na nan a littafinsa, ya ce in gaya maka yen ma yana karɓa.

To, abin da ba na so, ko kyauta aka ba ka. Za ka ga wasu tarkace a leda ɗaya, gilashin faɗaɗa hoto an rubuta 0.45x, da na zuƙowa 2x ko fiye, da filtoci kala-kala da ɗan tsumma, duka a kuɗin da bai kai na Raynox shi kaɗai ba. Wani yaro mai ɗaukar hoton biki a layinmu ya saya, na ga abin da ya ɗauko, kusurwa huɗun hoton baƙi ƙirin kamar ana leƙe ta cikin rijiya, mutanen gefe sun miƙe sun yi faɗi, bakin farar babbar riga duk ya yi wani shuɗi-shuɗi da ja. Gilashi falle ɗaya mai arha haka yake, ba ya tattara launuka wuri ɗaya, su kuwa masu kyan gilasai ne aka haɗa don wani ya gyara wa wani. Kuma ni me zan faɗaɗa, idon tawa daga milimita 28 ya fara, wato yana kwaso fili da faɗi, ya ishe ni.

Na zuƙowa na Canon, TC-DC58D, na daɗe ina juya shi a raina saboda hawan Daushe. Amma ninki 1.4 ne kawai, zai kai ƙarshen zuƙowata daga milimita 140 zuwa 196, doki dai zai ɗan matso amma ba zai kawo min fuskar mahayi daga inda talaka ke tsayawa ba, ga nauyi, ga shi sai ka zuƙo sosai in ba haka ba gefe ya yi baƙi. Bar shi kawai. In dai ka tsince shi a kwandon tarkace da kuɗin shayi to ban hana ba.

Wanda zan so in kuɗi sun ragu shi ne farin filta na kariya mai 58, saboda hunturu. Ka manta ƙurarmu ko, kyamarar da idonta ke fita yana komawa tana jan ƙura ciki, in ta shiga kuma sai an kwance ta gaba ɗaya. Bututun da filta a baki zai rufe mata hanya. Sai dai da shi in ban zuƙo ba kusurwa na iya duhu, shi ya sa Canon suka yi wani daban na filta kawai, FA-DC58B, mai tafiya tare da idon. In ka gan shi da sauƙi haɗo. Bututun yana tare hasken filasha ma ya jefa inuwa a ƙasan hoto, amma ni da rana nake aiki, bai dame ni ba.

Duk gilashin da za ka saya ka haska shi da tocilar waya ta baya ka duba cikinsa. Garinku akwai laima, funfuna na kama tsohon gilashi, za ka ga wasu farare-farare sirara sun yi rassa a ciki, in ka gani ajiye musu abinsu, ba ya goguwa ta waje. Ka murɗa wani filta a bakin adaftan ka ji tiredin bai ci ba.

Kuɗin kuma ka faɗa min nawa ya kama in ba ƙaninka a nan, ko in biya ka da hula, na ware maka wata Damanga ruwan toka, sai dai ban sani ba ko kan ya ƙara girma da boko, aiko min da lamba. Ka turo hoton kwalin kafin ka biya, ina son in ga K ɗin da idona. Umma na gaishe ka, ta ce ka taho mata da koren shayin nan, ita ma ban san wa ya gaya mata ba.

Naka,
Bakanon da ya fi ƙarfinka