Ga Masu Neman Wurin Aikin Sanin Makamar Aiki

Assalamu alaikum ƴan uwa ɗaliban sashen tarihi.

Na ga tambaya ta yi yawa a rukunin nan kan inda za a je aikin sanin makamar aiki. Shawarata, ku kai takardar sashenmu Gidan Makama da ke daf da fadar Sarkin Kano, tun wuri bai cika ba.

Ginin kansa darasi ne. Tun ƙarni na 15 ake danganta shi da Muhammadu Rumfa, wanda ya sarauci Kano daga 1463 zuwa 1499, yanzu kuma yana hannun hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. A ciki akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da kayan yaƙi, da hotunan zamanin da Turawa suka ci Kano a 1903. Abin da muka haddace don jarrabawa, can za ka tsaya gabansa ka gan shi da idonka.

Wanda aka ɗauka, don Allah kada ya zauna a zaure yana jiran sa hannu. Ka bi ma'aikata, ka koyi yadda ake rubuta bayanin kowane kaya a rijista da yadda ake kare fata da tufa daga gara da laima. In ƴan firamare sun zo ziyara, roƙi a bar ka ka zagaya da su. Tambayar yaro ce ke nuna maka iyakar saninka. Kada a taɓa kaya ko a ɗauki hoto sai da izini.

Masu zuwa su rubuta sunansu a nan, mu tafi tare.