Ku riƙa buga mana yawan ƙuri'u, ba kujeru kaɗai ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi ƙorafi kan yadda ake kawo mana sakamakon zaɓen 'yan majalisa. Kullum labarin shi ne jam'iyya kaza ta lashe kujeru kaza, amma ba a faɗa mana mutum nawa ne suka zaɓe ta. Ni malamin lissafi ne, abin yana damuna ƙwarai.

Dubi zaɓen Birtaniya na 2024. Jam'iyyar Leba ta samu kusan kashi 34 cikin 100 na ƙuri'u, amma ta kwashe kujeru 411 daga cikin 650. Reform UK ta tara ƙuri'u sama da miliyan 4, ta tashi da kujeru 5 kacal. Liberal Democrats kuwa, da ƙuri'unta ba su kai na Reform ba, ta samu 72. Kuma ba maguɗi aka yi ba. A kowace mazaɓa wanda ya fi, ko da ƙuri'a ɗaya ce, shi ke ɗauke kujerar. Magoya bayan Reform sun warwatsu a faɗin ƙasa, na Liberal Democrats sun taru a wuraren da za su iya ci.

Da irin wannan tsarin ake cike kujeru 360 na Majalisar Wakilan Najeriya da 109 na Majalisar Dattawa. A ce masu zaɓe 100 ne, 'yan takara uku suka samu 36 da 34 da 30. Mai 36 ya wuce majalisa. Sauran mutum 64 fa? Sun bi layi, sun dangwala, an shafa musu tawada a farce, amma ƙuri'arsu ba ta haifar da ko rabin kujera ba. Gobe idan suka ƙi fitowa sai a ce ba su da kishin ƙasa.

Afirka ta Kudu tana raba kujeru gwargwadon ƙuri'u. A 2024 ANC ta samu kashi 40, aka ba ta kujeru 159 cikin 400, dole ta nemi abokan tafiya kafin ta kafa gwamnati. Aibin wannan shi ne manyan jam'iyya ke jera sunayen waɗanda za su hau kujerun, ba mutanen mazaɓa ke zaɓar wakilinsu ba, talaka bai san ƙofar wa zai ƙwanƙwasa ba. Shi ya sa na fi karkata ga na Jamus, inda mai zaɓe ke da ƙuri'a biyu, ɗaya ta ɗan takarar mazaɓarsa, ɗaya ta jam'iyya.

Gyaran doka aikin majalisa ne, wanda ya ci da wannan tsari kuwa da wuya ya taɓa shi. Amma ku, Edita, kuna da abin yi. A zaɓe mai zuwa, ku ajiye kason ƙuri'un kowace jam'iyya kusa da yawan kujerunta, a shafi ɗaya.

Naka,
Wani malamin lissafi