Baje kolin kekuna na Jamus: a riƙa nuna mana na dako

Assalamu alaikum Edita, ina yi muku fatan alheri da sauran ma'aikata. Magana ce nake da ita kan baje kolin kekuna da ake yi duk shekara a Jamus wato Eurobike, wanda aka fara a 1991 a garin Friedrichshafen kafin a mai da shi Frankfurt a 2022.

Duk lokacin da hotunan wajen suka fito sai ka ga mutane sun taru a kan keken tsere guda ɗaya ana ta salati wai keke ya fi dala dubu 10, to gaskiya ne akwai su, kuma ba almara ba ce, jikinsu ba ƙarfe ba ne, wani zare ne na kabon da ake dannewa da gam a gasa shi, da hannu ɗaya za ka ɗaga keken sama. Amma fa hukumar tseren keke ta duniya UCI tun 2000 ta ce keken gasa kada ya gaza kilo 6.8, shi ya sa kamfanonin suka koma gasar yadda keke zai yanka iska da kuma cusa masa lantarki. Shimano na Japan ya fito da giya mai batir a 2009, SRAM na Amurka ya kawo wadda ko waya babu a 2015, maɓalli kawai za ka taɓa sarƙa ta yi tsalle. Birki na mai ne kamar na mota, taya ba tuf a ciki sai wani ruwa mai toshe huda da kansa, kai mai faci ma an kore shi daga sana'a. Sai dai ranar da ka manta ba ka yi caji ba giya ta tsaya cak a inda take, haba.

Ni ban ce kayan banza ba ne, ɗan tsere yana buƙatarsu, ai mun ga yadda Ese Ukpeseraye ta Najeriya sai da ta ari keke wajen tawagar Jamus a gasar Olamfik ta Faris a 2024. Amma mu nawa ne 'yan tsere?

Abin da nake so wakilanku su riƙa leƙawa shi ne ɓangaren kekunan dako masu batir, masu dogon gaba da akwati wanda uwa za ta zuba yara biyu ta kai su makaranta, ko kamfanin kai saƙo irin DHL ya loda kaya ya ratsa cunkoso. A dokar Turai injinsu wat 250 ne kuma yana daina taimaka maka in ka kai gudun kilomita 25 a awa, feda dai sai ka taka, injin tura ka kawai yake. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 mutane da yawa sun kakkaɓe tsohon Rali da Phoenix sun koma hawa, mai burodi da mai kai fiya wata shaguna su ne za su amfana da irin wannan, ba keken tseren da ko kariyar ɗora kaya babu.

Don Allah in za ku kawo labarin a gaba a tambayo mana farashin na dakon, batirinsa shekara nawa yake yi a zafi irin na Sakkwato, kuma bakaniken bakin kasuwa zai iya kwance shi ko sai an mayar wa kamfani.

Naku,
Mai karatu daga Zariya